Dawa ɗaya, lissafi biyu: yadda ake auna amfanin bincike a Arewacin Kamaru da Chadi

A shekarun 1990 an yi nazari biyu a kan binciken dawa a Arewacin Kamaru, kuma dukansu sun ta'allaƙa ne a kan iri guda, wanda ake kira S35. Na farko, na wasu masana tattalin arzikin noma biyu daga Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, ya fito a 1994, ya ce kuɗin da aka zuba wajen binciken dawa da kai ta ga manoma ribarsa ba ta wuce kashi 1 cikin 100 a shekara ba. Na biyu, na cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT mai hedikwata a Indiya, ya fito a 1999, ya ce ribar irin a Kamaru kashi 75 ce, a Chadi kuwa kashi 95. Duk masana ne, duk sun zo yankin, babu kuma wanda za a ce ya ƙirƙiro alƙaluma daga kansa. Amma ministan kuɗin da aka ajiye wa takarda ta farko a gabansa zai ce a rage kasafin bincike, wanda aka ajiye wa ta biyu kuma zai ce a ninka shi.

Tazarar da ke tsakanin 1 da 75 ita ce dukan matsalar auna amfanin bincike da fasaha, kuma ba matsalar masana kaɗai ba ce. Tun Shirin Legas na 1980 ƙasashen Afirka suke alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na dukiyar da suke samarwa a shekara domin bincike, an sake jaddada shi a Khartum a 2006, kuma Kamaru da Chadi duk ba su kai can ba. Duk wanda zai je neman kuɗin bincike a Yawunde ko Njamena zai tarar da masu neman kuɗin hanya da asibiti da tsaro sun riga shi layi. Dole ya nuna abin da kuɗin baya suka haifar. To da wane ma'auni zai nuna?

Labarin S35 ya isa a tsaya a kansa. Asalin irin daga Indiya yake, daga gonakin gwajin ICRISAT. Ya biyo ta Samaru a Zariya, daga nan ya shigo hannun masu binciken noma a Marwa a farkon shekarun 1980. Farar dawa ce, mai saurin nuna, ba ta da tsawon kara kamar dawar gida. A gwaje-gwajen farko ba ta yi wani abin a-zo-a-gani ba. Sai aka shiga farin 1984, wanda dattawan Marwa da Mora da Kusiri har yau ba su manta ba. A gonakin manoma da aka gwada ta a wannan shekara, S35 ta ba da kusan kilo 1,300 a hekta, dawar gida kuma kusan kilo 700. Wato ta fi da kimanin kashi 85 cikin 100. Nan da nan aka shiga yawaita irin, malaman gona na SODECOTON, kamfanin auduga na Kamaru, suka ɗauke shi zuwa ƙauyuka, kafin ƙarshen shekarun 1980 kuma ya ƙetara Chadi, inda ya fi samun shiga a yankin Gera.

Da ruwa ya dawo a shekarun da suka biyo baya, sai fifikon ya kusa ɓacewa. A damina mai kyau dawar gida ba ta bar mata komai ba. Ga kuma wahalar da takardun gwaji ba su cika nunawa ba. Tun da tana riga sauran nuna, kuma ƙwayarta fara ce mai daɗi, ba ta da baurin jar dawa, gonar S35 ita ce tsuntsaye ke fara yi wa dirar mikiya. Mai ita sai ya tura yara gona tun asuba, da gwangwanaye da majajjawa, suna ihu har faɗuwar rana, alhali maƙwabcinsa mai jigari, wato jar dawar gida, yana gida hankali kwance. In kuma an shuka ta da wuri ta nuna ruwa bai ɗauke ba, ƙwayar ta yi baƙi. Saboda haka manoma da yawa ba su watsar da ita ba, ba su kuma ba ta dukan gona ba. Sun ware mata wani yanki, sun bar sauran ga irin iyaye da kakanni.

Yanzu ga yadda ake lissafin. Hanyar ta samo asali ne daga wani masani, Zvi Griliches, wanda a 1958 ya lissafa ribar binciken masarar aure (wadda ake samu ta haɗa iri biyu) a Amurka, kuma har yau ginshiƙinta bai sauya ba. Ana neman abu uku: nawa sabon iri ya ƙara a kan tsohon a kowace hekta, hekta nawa aka shuka shi a kowace shekara, da kuma nawa aka kashe tun daga ranar da aka fara binciken. Sai a mayar da ƙarin amfanin gonar kuɗi, a jera shi shekara-shekara a gefe guda, a jera kashe-kashen a ɗaya gefen, a rage darajar kuɗin da zai zo nan gaba domin sefa dubu ta bana ta fi sefa dubu ta shekara goma masu zuwa. Abin da ya fito shi ne kason ribar. A takarda abin a miƙe yake, amma kowane ɗaya daga cikin ukun nan ƙofa ce ta saɓani. Masanan Michigan sun ɗora wa dawar nauyin kuɗin shirin bincike da na yaɗawa na tsawon shekaru, har da na ayyukan da masu ba da agaji suka biya, kuma sun ɗauka cewa fifikon S35 yana fitowa ne a shekarun fari. Masanan ICRISAT sun zo daga baya, sun zaga ƙauyuka da tambayoyi a tsakiyar shekarun 1990, suka samu cewa irin ya kama kusan kashi ɗaya cikin uku na gonakin dawar damina a inda suka yi nazari a Kamaru, sama da kashi ɗaya cikin huɗu kuma a Chadi. Sun kuma kalle shi a matsayin iri da aka haifa a wani wuri ya malalo nan, wato tsadar ƙirƙirarsa ba a nan aka biya ta ba. Shi ya sa ma Chadi, wadda ta karɓe shi bayan Kamaru ta gama wahalar gwaji, ta fi samun kaso mai tsoka.

Ashe tambayoyi biyu ne daban. Ɗaya yana tambaya ko dukan shirin ya biya kuɗinsa, ɗayan yana tambaya ko aron iri daga maƙwabta yana da riba. Amsoshin biyu suna iya zama gaskiya a lokaci guda. Abin da ke ɓata lamarin shi ne, idan alƙalami ya bar rahoto ya shiga jawabin taro, tambayar da ta haife shi ba ta bin sa. Sai ka ji ana cewa binciken dawa ribarsa kashi 75 ce, shi ke nan. Ba laifi kuma mai karatu ya lura cewa cibiyar da ta fitar da babban kason ita ce uwar irin. Wannan ba ya nufin ta yi coge, amma duk wanda ke auna aikin hannunsa, a wuraren da lissafi ya ba shi zaɓi, ya san inda zuciyarsa za ta karkata. Haka abin yake a duniya baki ɗaya. A 2000 cibiyar IFPRI, mai binciken manufofin abinci, ta tattara nazarce-nazarce 292 a kan ribar binciken noma, tsakiyar alƙalumansu ta haura kashi 40 a shekara. Masu tattarawar da kansu sun ja kunne cewa an fi zaɓar ayyukan da suka yi nasara a auna, waɗanda suka mutu a gonar gwaji kuwa ba wanda ke biyan kuɗin rubuta tarihinsu, ko da yake kuɗinsu daga asusu ɗaya ya fita.

A ganina akwai abin da lissafan biyu suka kasa kamawa, kuma shi ne mafi muhimmanci ga ƙasa irin tamu. Dukansu suna mayar da buhun dawa kuɗi, su ɗauki matsakaici. Amma buhun da ya shiga rumbu a 1984 ba daidai yake da buhun shekarar yalwa ba, ko da an gyara farashi. A shekarar fari, buhu biyar na ƙari su ne ke hana magidanci sayar da shanun huɗarsa a farashin wulaƙanci, su hana shi cin irin baɗi, su hana a cire yaro daga makaranta a tura shi Garwa ko Njamena neman abin kai wa baka. Wanda ya sayar da shanun huɗa a fari ɗaya yana iya shekara biyar bai mayar ba, kuma asarar waɗannan shekarun ba ta fitowa a jadawalin amfanin dawa. Hausawa sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Manomin da ya ware wa S35 kusurwar gona ya fahimci wannan sarai. Bai ɗauke ta irin neman arziki ba, ya ɗauke ta kariya ce daga mummunar shekara. A yankin da binciken gidaje na gwamnatin Kamaru na 2014 ya samu kusan mutum uku cikin huɗu na jihar Arewa Mai Nisa a cikin talauci, alhali a ƙasar baki ɗaya kashi 37.5 ne, fasahar da ke rage zurfin faɗuwa ta fi wadda ke ɗaga matsakaici daraja. Ma'aunin da ba ya ware shekarun fari ya dube su daban zai riƙa rage wa irin wannan bincike maki, ya ƙara wa wanda ke haskawa a damina mai kyau a gonar mai taki.

Sai batun ƙirgar hekta, wanda ake ɗauka mai sauƙi ne. Yaya ake sanin wane iri ne a gonar mutum? Galibi tambayarsa ake yi. To iri a wurinmu yana yawo ne hannu da hannu, daga suruki zuwa suruki, daga kasuwar mako zuwa wata, kuma duk inda ya sauka sai an raɗa masa suna, ko sunan wanda ya kawo shi, ko na garin da aka samo shi. Bayan shekara goma ya gauraya da na gida. Wani zai rantse maka irin malaman gona yake shukawa alhali ya daɗe da rikiɗewa, wani kuma zai ce na kakansa ne alhali daga tashar gwaji ya fito. A shekarun baya-bayan nan an fara ɗebo ganye ko ƙwaya daga gonaki ana duba ƙwayoyin halittarsu, an yi haka da rogo a Najeriya da wasu amfanin gona a Habasha, kuma an tarar da saɓani mai yawa tsakanin abin da manoma suka faɗa da abin da gwajin ya nuna. Ƙasan wannan kuma akwai ramin da ya fi zurfi. Kamaru ta shafe kusan shekara 20 tana dogaro da ƙidayar jama'a ta 2005, ƙidayar noma kuwa an daɗe ana komawa ga ta 1984. A Chadi, da aka yi ƙidayar dabbobi tsakanin 2012 da 2015, an samu kusan kai miliyan 94, ninkin-ba-ninkin abin da ake ƙiyastawa a ofisoshi kafin nan. Duk wani lissafin amfanin rigakafin dabbobi da aka gina a kan tsohon ƙiyasin, tun daga tushe ya karkace.

Ma'aikatu sun san wannan wahala, shi ya sa suke komawa ga abin da ke ƙirguwa. Akwai ƙa'idojin duniya na hakan: kundin Frascati na OECD, ƙungiyar ƙasashe masu arziki, tun 1963, yana bayanin yadda ake ƙirga kuɗin bincike da masu bincike, kundin Oslo kuma tun 1992 yana bayanin yadda ake ƙirga sababbin dabaru a kamfanoni. Tarayyar Afirka ta ɗauko su a shirinta na alƙaluman kimiyya da aka fara a 2007. Suna da amfaninsu, amma abin da suke aunawa shi ne abin da aka zuba da abin da ya fito daga ɗakin gwaji: kuɗi nawa, dakta nawa, maƙala nawa, iri nawa aka yi wa rajista. Jami'ar Ngaundere ta 1993, ta Marwa ta 2008, ta Garwa ta 2022, duk za su iya cika wannan jadawali. Ko kaɗan bai gaya maka ko tuwon wani gida ya ƙaru ba. Kuma da zarar an ɗaura ƙarin girma da alawus a kan yawan maƙaloli, malami mai hankali zai bi abin da ake biya. Ba zai ɓata damina uku yana bin gonakin Mayo Danay ba alhali zai iya fitar da takardu huɗu daga kan teburinsa.

Tambayar da ta fi kowace wuya ita ce: da ba a yi ba, me zai faru? Auduga ta nuna yadda ake ruɗewa a nan. Irin audugar da ake nomawa a Arewacin Kamaru, masu sunan IRMA, a Marwa ake fitar da su, kuma SODECOTON, tun kafa ta a 1974, tana da tsarin rarraba iri da taki da magani da babu irinsa a sauran amfanin gona. Noman ya hau har ya haura tan dubu 300 a wajen 2004 zuwa 2005, sannan ya faɗo ƙasa da rabin haka cikin 'yan shekaru. Shin bincike ne ya yi kyau sannan ya lalace? A watan Janairun 1994 an karya darajar sefa da rabi, abin da ya ɗaga kuɗin da manomi ke samu. Daga baya farashin auduga a duniya ya faɗi, taki ya yi tsada, kuma a shekarar da farashi ya yi tashin gwauron zabo, auduga mai yawa ta bi ta bayan gida ta shiga Najeriya ba ta hau sikelin kamfani ba. Wanda ya ɗauki hawan ya jingina wa bincike ya yi ƙari, wanda ya ɗauki faɗuwar ya ɗora masa ya yi zalunci.

Chadi ce ta ba da misalin yadda ake amsa tambayar da kyau, a fannin lafiya. Allurar sanƙarau ta MenAfriVac an ƙirƙiro ta ne musamman domin ƙasashenmu na bakin hamada, ta haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar lafiya ta PATH, kamfanin Serum Institute na Indiya ya fara sarrafa ta a kan ƙasa da rabin dalar Amurka kowace allura. A watan Disamban 2011 an yi wa kimanin mutum miliyan 1.8, 'yan shekara 1 zuwa 29, a yankuna uku: Njamena, Shari-Bagirmi da Mayo-Kebbi ta Gabas. Sauran yankunan sai daga baya layi ya zo kansu. Da zafin 2012 ya shigo annoba ta ci gaba a ƙasar, sai aka samu abin kwatance a fili: inda aka yi allurar, masu sanƙarau ba su kai 3 cikin mutum dubu 100 ba, inda ba a yi ba kuwa sun kusa 44. Ragin ya kai kashi 94 cikin 100, kuma mujallar Lancet ta buga sakamakon. Ƙasa ɗaya, shekara ɗaya, iskar hunturu ɗaya. Abin lura shi ne masu binciken ba su jira an gama ba sannan su zo da takardun tambaya. Tun kafin allurar sun shafo maƙogwaron dubban mutane a wani yankin karkara sun ƙirga masu ɗauke da ƙwayar cutar, suka dawo bayanta suka sake. Da an tsaya an kwatanta 2011 da 2012 kawai, da mai gardama ya ce ai annobar sanƙarau dama tana zuwa tana tafiya da kanta, kuma da ya yi gaskiya.

Irin wannan dabara aka yi amfani da ita a Nijar, inda wayar salula ta shiga kasuwanni ɗaya bayan ɗaya tsakanin 2001 da 2006. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta kwatanta kasuwannin da layi ya kai da waɗanda bai kai ba, ta samu cewa bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16. Kusan duk wani shiri na gwamnati a wurinmu ba ya isa ko'ina rana ɗaya, domin kuɗi da motoci ba sa isa. Wannan ƙarancin kansa dama ce ta awo, in an rubuta tun farko wa ya samu, yaushe, da halin da yake ciki kafin ya samu.

Lokaci da iyakar ƙasa su ma suna wasa da lissafi. A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike a Marwa, tare da na Jami'ar Purdue ta Amurka, sun yi aiki a kan ƙwarin da ke cinye wake a ajiya. Cikin dabarun da suka gwada har da shanya wake a rana ƙarƙashin leda, da gauraya shi da toka, da kuma zuba shi a buhu uku, ɗaya cikin ɗaya. Wanda ya taɓa ganin ana ɗaure shi ya san yadda abin yake: a zuba wake busasshe a ledar ciki, a girgiza ya zauna, a matse iskar, a murɗe bakin a lanƙwasa a ɗaure tam, a yi wa leda ta biyu haka, sannan buhun saƙa na waje. Ƙwarin da ke ciki su shaƙe iskar da ta rage su mutu, ba garin magani, ba ƙwayar da ake jefawa a buhu. Nazarin Michigan ɗin nan na 1994 ya ba binciken wake kashi 15, a lokacin da wannan dabara ba ta yi nisa ba. Sai a 2007, kusan shekara 20 bayan gwajin Marwa, aka samu kuɗin yaɗa ta da sunan buhun PICS, ta bazu a Najeriya da Nijar da Burkina Faso da sauran ƙasashe, miliyoyin buhuna. To a littafin wa za a rubuta ribar? Idan Kamaru ta ƙirga abin da ya tsaya cikin iyakarta kawai, za ta raina aikin 'ya'yanta. Matar da ke Maraɗi ko Dawanau, wadda ta ajiye wakenta daga kaka zuwa bazara ta sayar da tsada, ba ta cikin alƙaluman Yawunde. Ga kuma amfanin da ba ya da farashi a kasuwa: iyalin da ba su ci wake mai guba ba. Shirin agaji na shekara huɗu ko biyar, wanda ake auna shi a watansa na ƙarshe, ba zai taɓa ganin irin wannan ba.

Ciwon bushiya na shanu ya fi haka jan lokaci. Gangamin rigakafi na haɗin gwiwa ya fara a 1962 a ƙasashen Tafkin Chadi huɗu, aka yi sakaci cutar ta dawo a farkon shekarun 1980 ta yi ɓarna, aka sake ɗaura ɗamara, ɗakunan gwaji irin na Farsha a Njamena da LANAVET a Garwa suna cikin masu samar da allura, sai a 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya. Wanda ya auna a 1975 zai ce an yi nasara, wanda ya auna a 1983 zai ce kuɗi sun bi ruwa.

Ko an samu jimillar riba daidai, saura tambayar aljihun wa ta shiga, aljihun wa ta fita. Madatsar Maga da aka gina a 1979 a Arewacin Kamaru domin noman shinkafar kamfanin SEMRY fasaha ce da aka auna da tan na shinkafa. Amma ita da ganuwar bakin kogin Logon sun tare ambaliyar da ke shayar da fadamun Waza-Logon kowace shekara. Ciyawar rani ta mutu, kifi ya ragu, makiyaya da masunta suka watse, namun dajin Waza suka rasa wurin kiwo. Da ƙungiyar kare muhalli ta IUCN ta zo ta yi lissafi, ta ƙiyasta asarar da sama da dalar Amurka miliyan 2 a shekara, kuma a 1994 aka fara buɗe wa ruwa hanya ya koma wani ɓangare. Masu shinkafa suna da rajista da kamfani, masunta da Fulanin da ke wucewa da shanu ba su da ita, saboda haka ba su shiga lissafin farko ba. Ba mugunta ba ce ta kawo haka. Wanda ba ya cikin takarda ba ya cikin awo, kuma a wurinmu waɗanda ba sa cikin takarda su ne mafi yawa: mata masu sarrafa amfanin gona, 'yan ƙwadago, makiyaya.

Masakwa ta haɗa wannan da wani gibin. Dawar rani da ake dasawa a ƙasar laka da ake kira karal bayan ruwa ya janye, wadda ake kira muskuwari a Diyamare, yankin Marwa, berbere a Chadi, ta faɗaɗa ƙwarai cikin shekarun da suka wuce har ta zama ginshiƙin abincin yankin, kuma yawancin wannan aikin manoma ne da kansu: zaɓen iri, yin kunyoyin tare ruwa, shiga filayen da da ba a nomawa. Su ne kuma suka ɗauko maganin kashe ciyawa da ya shigo ta hanyar auduga suka kai shi karal, ya maye gurbin sassabe da ƙona ciyawa. Mai gona ya samu sauƙi da saurin dashe kafin ƙasa ta bushe. Ɗan ƙwadagon da ke zuwa sassabe kowace shekara ya rasa wani ɓangare na aikinsa, makiyayi kuma ya tarar da ciyawar da aka fesa. Babu kundin Frascati ko na Oslo da zai nuna maka wannan sauyi a alƙaluman ƙasa, domin ba a ɗakin gwaji aka yi shi ba, ba kuma a kamfani mai rajista ba. Cibiyar binciken noma ta CIRAD ta Faransa ta fito da wata hanya da ake zama da manoma da 'yan kasuwa da masu bincike a bi sawun sauyi daga ƙarshe zuwa farko, kowa ya faɗi abin da ya gani ya canza da wanda ya taimaka. Tana kama abubuwan da lissafin riba ke tsallakewa, amma tana da nata rauni: wanda aka gayyata taro a gaban baƙi masu mota yakan faɗi abin da yake zaton ana son ji.

Abin da ya fi dacewa da IRAD a Kamaru da ITRAD a Chadi, cibiyoyin binciken noma na gwamnatocin biyu, ba sabon ma'auni ba ne daga waje. Duk shirin da za a fara, a cire wani ɗan kaso na kuɗinsa tun ranar farko a ba wani wanda ba shi ne mai shirin ba, ko hukumar ƙididdiga ta ƙasa ko sashen tattalin arziki na wata jami'a, ya rubuta halin da ƙauyuka suke ciki kafin a fara, har da waɗanda layi bai zo kansu ba tukuna. A kuma bar masa kuɗin komawa bayan shekara biyar da goma, lokacin da motocin shirin sun daɗe da komawa Yawunde. Kayan aikin ma akwai wasu a ƙasa: ƙungiyoyin manoman auduga suna riƙe da rajistar mambobi da gonaki da bashin taki shekara da shekaru, kuma yawancin waɗannan manoma su ne masu dawa da masara da wake. Binciken gidaje da Kamaru ke yi lokaci-lokaci tun 1996, da takwaransa na Chadi, za su iya ɗaukar tambayoyi kaɗan a kan iri da buhun ajiya da allurar dabbobi, a haɗa da ɗan ƙullin ƙwaya daga kowace gona domin gwaji. Idan kuma fari ya zo, ko ambaliya irin ta 2022 da ta 2024, lokacin ne ya kamata masu awo su fita, su duba gidan da ya sayar da shanu da wanda bai sayar ba, su tambayi abin da kowannensu ya shuka.